Idon da na kai taron marubuta

Idona na dama ya mutu tun ina da ƙarfina. Wani bahago ne ya kashe shi a filin dambe, bayan an kwashe amfanin gona, a gaban mutanen da suka taso tun daga Chaza da Iku don su ga na kayar da shi. Ban faɗi ba a ranar. Na tsaya da ƙafafuna, jini yana gangarowa cikin bakina, har aka raba mu. Da wannan na yi ta taƙama shekara da shekaru. A dambe idan hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, mu cewa muke an kashe ka, kuma a ƙasar Suleja babu wanda ya taɓa kashe ni. Matata takan ce da na faɗi tun naushin farko, da yanzu ina kallonta da ido biyu. Ni kuma in ce mata ɗayan ma ya ishe ni abin da nake gani.

Na hagun ne ya riƙe ni duk sauran rayuwa. Da shi na yi fawa a kasuwa har na ajiye wuƙa. Da tsufa ya zo sai yanar ido ta rufe shi, har wata safiya na tsaya ina gaida randar ƙofar masallaci da ladabi, na ɗauka liman ne a zaune. 'Ya'yana suka kai ni asibiti aka kankare yanar. Likitar wata siririyar mace ce wadda ba ta san dariya ba. Ta ce, "Baba, wannan ce fitilarka ta ƙarshe. Kada ka sunkuya, kada ka ɗauki nauyi, sujada ma da ishara za ka riƙa yi sai na ce. Idan wani abu ya bugi idon nan kafin ya warke, ba ni da na uku da zan ba ka." Ta ba ni wani baƙin tabarau mai faɗi kamar na masu walda, ta ce kada in cire shi da rana.

Ina cikin wannan jinya ne ɗan hayana ya zo da maganar bikin marubuta. Bakano ne, magidanci, yana aiki a Abuja. Da asuba yake fita, ya dawo gosulon motoci ya tatse shi kamar an matse lemo, amma duk da haka sai ya zauna yana rubuta littattafai. Ya daɗe yana zama wurina yana tambayata labarin dambe, ni kuwa ina ba shi, ina ƙara gishiri inda ya yi lami. Ni karatun yaƙi da jahilci na yi, shi ma malamin namu ya samu aikin gadi ya tafi kafin mu gama, don haka duk wanda ya iya cika takarda ina ganin girmansa, ko da ƙaryata ce ya cika ta da ita.

Ya ce, "Baba, bana a nan Suleja za mu yi bikin. Akwai zaman hira da marubuta da masu fasaha, na sa ka a ciki."

Na ce, "Fasahar me? Fasa baki?"

Ya ce ai dambe ma fasaha ce, da kirari da kiɗa da duk abin da ke ciki. Zama kawai zan yi a kujera in yi magana.

Matata tana jin mu daga tsakar gida. Ta ce, "Malam, bakin nan nasa ne abin tsoro, ba kujerar ba. Idon nan ko ɗinkin bai gama kamewa ba."

Ya rantse mata cewa wurin masu ilimi ne, ko ƙuda ba zai taɓa ni ba. Na sa babbar rigar Sallah, na kafa tabarau, muka hau keke mai ƙafa uku.

Wani zauren taro ne a cikin gari, an jera kujerun roba, an shimfiɗa littattafai a kan tebura kamar tumatir. A ƙofa suka rataya mini kati a wuya da wata igiya shuɗiya, irin yadda ake yi wa ragon da aka riga aka saya. Janareto yana ruri a baya. Kafin a kira mu ɗan hayana ya yi ta zagayawa da ni yana nuna ni ga abokansa.

Akwai wata mai rubuta waƙa, fara, mai sanyin murya. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Baba, idan ka naushi mutum, me kake ji a zuciyarka?"

Na ce mata, "'Yata, a zuciya ba ka jin komai. A gwiwar hannu kake ji. Idan naushin ya sauka a ƙashi, sai ya dawo maka har kafaɗa, ka san ka yi asara. Idan ya sauka inda ya kamata, sai ka ji laushi, kamar ka danna gwanda da ta nuna, ka ga idon mutum ya juye ya koma fari tun kafin ƙafarsa ta sani."

Ta rubuta. Na ji daɗi ƙwarai, har na ƙara mata da labarin wani da na karya wa muƙamuƙi ya yi damina guda yana shan koko da tsinken gwanda. Wannan gaskiya ne, sai dai ba ni na karya ba, ina dai wurin.

Akwai kuma wani mai zane da gashi ƙudundune, ya ja ni ya nuna mini wani babban hoto da ya zana na 'yan dambe biyu. Ya yi kyau, har da gumi. Ya tambaye ni ko akwai gyara. Na ce jinin ya yi ja da yawa, na gaske idan ya haɗu da ƙura baƙi yake komawa. Ya ce in Allah ya yarda wata rana zai je ya gani da idonsa. Allah kuwa ya yarda tun kafin la'asar.

Da aka kira mu na hau dandamali. Kujeru uku ne. Mai gabatarwa wata malamar jami'a ce, dattijuwa, mai fara'a, ta zauna a tsakiya, ni a gefe ɗaya, ɗayar kujerar babu kowa. Ta fara da tambayoyi masu daɗi. Yaya ake naɗe hannu da zare. Me ya sa mahauta suka fi yin dambe. Wace rana ce ba zan manta ba. Na ba su labarin idona na dama, yadda na ji wani abu ya fashe a cikin kaina kamar ƙwai, ruwan ɗumi ya biyo kumatu, na kai hannu na shafo na ga ba hawaye ba ne. Wata a gaba ta rufe baki da mayafi. Na ce musu amma ban faɗi ba. Suka yi tafi. Ban taɓa sanin ana yi wa mutum tafi yana zaune ba, kuma a gaskiya ya fi sauƙi.

Sai malamar ta yi murmushi ta ce, "Baba, mun shirya maka ba-zata."

Su a al'adarsu haka suke yi. Idan marubuta biyu sun daɗe suna sukar juna a jarida, sai a zaunar da su wuri ɗaya, a sa mutum a tsakiya, su yi ta musu da murmushi, a ƙarshe a ɗauki hoto. Ɗan hayana ya ɗauka mu ma haka ne. Ya bi diddigi har ya gano bahagon nan yana raye, yana zaune wurin ɗansa a unguwar Magajiya, ya je ya lallashe shi. Bai gaya mini ba don kada ya ɓata daɗin abin.

Bahagon ya shigo ta ƙofar gefe yana dogara sanda. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo kamar na angulu, amma kafaɗar hagun nan tana nan a ɗage kamar yadda na san ta. Ya zauna. Bai kalle ni ba, ban kalle shi ba.

Malamar ta ce ko za mu gaisa.

Ya ce, "Sannu, mai walda."

Na ce, "Yauwa. Ashe ba a binne ka ba."

Mutane suka yi dariya. Har nan da an tsaya, da mun rabu lafiya. Tsofaffi biyu da baƙar magana, iyakarta kenan. Amma ba-zatar ba ta ƙare ba. Sun ɗauko makaɗi.

Dole in yi bayanin wannan, don shi ne abin da ba su sani ba. Kowane ɗan dambe yana da takensa, wato kiɗan da aka yi masa shi kaɗai. Su sun ɗauke shi kamar waƙar da ake sawa a rediyo kafin a fara shiri. Mu a wurinmu kira ne. Ba a kaɗa taken mutum sai ana so ya fito, kuma ba a kaɗa shi abokin karonsa yana zaune sai an shirya raba su. Idan aka kaɗa takenka ka ci gaba da zama, to ka gaya wa duniya ka mutu. Makaɗin ya san haka sarai. Tsoho ne irinmu, ya kaɗa mana a filaye da yawa. Amma makaɗin dambe bai taɓa cin abinci da zaman lafiya ba. Na ga lokacin da ya gyara kalangu a hammata yana wani murmushi da haƙoransa na goro.

Nawa ya fara kaɗawa.

Na so in ce na yi tunanin likita, na yi tunanin matata. Ban yi ba. Gashin jikina ya miƙe, ƙafata ta dama ta fara rawa ita kaɗai, na ji haƙorana suna haɗuwa. Kafin in farga ina tsaye, hula ta faɗi, ina kirari da wata murya da na ɗauka ta daɗe da barina. Na ce ni ne mai raba ƙashi da tsoka. Na ce ni ne wanda ƙasar Suleja ba ta san tafin hannunsa ba. Zauren ya ɗauki tafi, wayoyi suka tashi sama. Na ji malamar tana cewa a lasifika, "Masha Allah, jama'a, ga adabin baka nan a raye."

Makaɗin ya juya kiɗa ya koma taken bahago.

Bahagon ya jefar da sandarsa. Mutumin da ya shigo yana ɗingishi ya miƙe tsaye cak. Ya ce shi ne hagun da ba a cin tuwo da shi sai dai ya ci mutum. Ya nuna ni da yatsa ya ce ya ɗauki ido ɗaya tun da daɗewa, yau ya zo ɗaukar ɗan'uwansa. Shi bai san an yi mini aiki ba, ya ɗauka tabaraun nan iyayi ne. Aka sake tafawa, har da masu fito.

Sai ya miƙa hannu ya fizge igiyar makirufon malamar, lasifika ta yi ƙara, ya fara naɗe ta a hannun hagu, zagaye bayan zagaye, yana ja da haƙori. Ni ba ni da komai. Na cire igiyar katin da ke wuyana na naɗe a dama, ko yatsu ba ta gama rufewa ba. Na tuɓe babbar riga na jefa wa mai rubuta waƙar nan. Har lokacin jama'a sun ɗauka wasa ne da aka shirya. Mai zane ya matso gaba yana ɗaukar hoto.

Muka sunkuya, kowa ya miƙa hannun tsaro gaba. Mai ido ɗaya yana da wata matsala a dambe. Hagunsa daga ɓangaren da ba na gani yake zuwa, don haka dole in karkata fuska in miƙa idon da ke gani gaba, kamar mai tallarsa. Na san haka, na kuma karkata.

Ni na fara kai hannu. Ya sauka a bakinsa, na ji laushin nan da na gaya wa yarinyar. Leɓensa ya tsage har ƙasan hanci, haƙori ya yi tsalle ya faɗa kan teburin littattafai, jini ya biyo shi ya fantsama a bangon wani sabon littafi da aka ƙaddamar da safe. A nan ne tafi ya tsaya. Wata ta yi ihu. Kujerun roba suka fara kifewa. Kalangu kuwa sai ƙara zafi yake.

Bai faɗi ba. Ya tofar da jini, ya kawo mini ɗaya a kunne, igiyar makirufo ta yanke fatar, duniya ta yi ƙara kamar an buga tasa. Na rama a wuyansa. Ya ba ni a ƙirji, numfashina ya tsaya. Tsofaffi biyu, muna huci kamar shanu a mayanka, amma wallahi babu naushin wasa ko ɗaya a ciki. Mai gadi ya hau dandamali yana roƙo, "Baba abeg, abeg," bahago ya ture shi da kafaɗa ya koma ƙasa da baya.

Sai ɗan hayana ya faɗo tsakaninmu da hannuwa a buɗe. Na riga na saki hannu, ba ya dawowa. Ya same shi a karan hanci, na ji ƙashin ya ba da ƙara. Ya dafe fuska, jini yana bin yatsunsa, amma bai kauce ba. Yana ihu cikin jinin, "Idonsa! Aiki aka yi masa a ido, ɗaya ne ya rage masa, don Allah ku bari."

A cikin turereniyar nan gwiwar hannun wani ta bugi tabaraun, ya tashi sama ya faɗi can. Hasken fitilun zauren ya soki idon kamar allura. Ruwa ya cika shi. Ina gani dishi-dishi ɗan hayana ya zame ya faɗi zaune, babu kowa tsakanina da bahago, kuma hagun nan ya riga ya koma baya har ƙarshe. Hannun tsarona yana ƙasa. Fuskata a karkace, idon a gaba, ja wur, da ɗinki a ciki.

Na san wannan naushin. Na taɓa cinsa. A lokacin ne kawai maganar likita ta zo mini, cewa ba ta da na uku. Na tuna ban ko kalli fuskar matata da kyau ba da zan fito.

Bahago ya kalli idon. Na ga ya kalla. Sai kafaɗar ta sauka kaɗan, hannun ya zo ta ƙasa da duk nauyin da aka tanadar wa fuska, ya shige haƙarƙarina na dama. Na ji sun karye kamar an taka kara. Ƙafafuna suka tafi. Na zube, tafin hannuna biyu a kan siminti, na ɗaga kai sama kamar ƙadangare don an ce kada in sunkuya.

Makaɗin nan, Allah ya shirye shi, ya buga kiɗan kisa. A gaban malaman jami'a da masu waƙa da masu zane, ƙasar Suleja ta san tafin hannuna.

Mota ɗaya ta kwashe mu mu uku zuwa asibiti. Malamar tana gaba tana ta salati tana ba mu haƙuri, kamar ita ta naushe mu. Aka kira likitar ido. Ta zo ta kama haɓata da ƙarfi, ta haska fitila. Ta daɗe tana dubawa. Duk numfashin da na ja sai haƙarƙari ya soke ni, amma ba shi nake ji ba. Can ta kashe fitilar ta ce ɗinkin yana nan, babu abin da ya motsa. Sannan ta ce, "Baba, a taron littattafai?" Na ce mata ai ilimi ne, kowa da yadda yake shigarsa. Ba ta yi dariya ba.

Aka fito da ni an ɗaure ƙirjina da bandeji. Bahago yana zaune a benci, an ɗinke masa leɓe, bakin ya kumbura kamar na raƙumi. Ɗan hayana yana can ƙarshen bencin da auduga a hanci, ya kasa haɗa ido da kowa. Na zauna a tsakiya a hankali.

Bahago ya ce, da ƙyar ake jin maganar, "Na kashe ka."

Na ce, "Ka kashe."

Sai na ce, "Me ya sa ka sauke hannu?"

Ya ce, "Wa ya sauke? Idon na nufa. Tsufa ne, kafaɗar ba ta ɗaguwa."

Na ce, "Ƙarya kake, tsohon banza."

Ya ce, "Kai da ido ɗaya, shi ma da ruwa a ciki, me ka gani?"

Ɗan hayana ya buɗe baki zai ba da haƙuri, muka ce masa ya yi shiru, manya suna magana.

Matata ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta kawo ruwan zafi, ta dube ni a kwance ina nishi, ta ce, "Ashe dai ka iya faɗuwa." Ɗan hayana bai tashi daga gidan ba. Hancinsa ya warke a karkace, kuma tun daga ranar idan ina ba shi labari sai ya ja kujerarsa baya kaɗan. Mai zanen ya aiko mini da sabon hoto, jinin ciki baƙi.

Abin ya yawata a wayoyi. Yanzu idan na bi ta kasuwa, mahautan da ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da nake dambe sai su ce ga wanda aka kashe a wurin 'yan boko. Ina amsa musu da zagi daidai gwargwado. Na sa an tura mini hoton bidiyon a wayata, an nuna mini yadda ake tsayar da shi. Idan na zauna a ƙofar gida da hantsi nakan kunna, in kawo wayar kusa da idon hagu, in wuce kirarin da haƙorin da hancin ɗan haya, in tsayar daidai inda hannun ya koma baya. Kafaɗar tana ɗage sosai, babu abin da ya same ta. Na kai wa bahago har Magajiya na nuna masa. Ya ce wayar ce ba ta da kyau.